Rokar San Isidro Ta Fashe Sau Biyu

Shafi na 23

Masu ƙorafin cewa na bar Herminia a tsaye tun ranar Laraba, ku gyara zama, yau za ta zauna. Sai dai zaman ba zai yi mata daɗi ba.

Ranar Lahadi, ƙarfe biyu saura kwata, Herminia ta rufe tagar shagonta ta jera faranti huɗu a kan tebur, alhali bakin da ke ci a gidan uku ne. Nata, na 'yarta Nayeli, sai na surukarta Doña Chole. Na huɗun na mijinta Rutilio ne, wanda ya ƙetara Los Angeles wankin tukwane tun Nayeli tana wata takwas. Shekara goma sha huɗu ke nan, duk Lahadi sai an zuba masa miyar mole da cinyar kaza, a jingina waya da kwalbar gishiri a gaban kujerarsa, ya kira, a ci tare.

Yau hannunta ya ƙi zama wuri guda. Ta ɗauki cokali ta ajiye, ta gyara kujera ta sake gyarawa. Saura kwana shida bikin cikar Nayeli shekara goma sha biyar, ranar da uba ke durƙusawa gaban jama'a ya cire wa 'yarsa takalmin yara ya sa mata mai tsini, sannan ya yi rawa da ita. An riga an tsara: ƙanin Rutilio ne zai durƙusa, ita kuma yarinyar ta rungume waya ta yi rawar. Herminia ta amince da baki. Cikinta ne bai amince ba.

Ga kuma wani abu da ke cizon ta. Wata uku ke nan Rutilio ya daina nuna musu titi, ya daina nuna kicin da abokan aikinsa masu ihu. Kullum farin bango, kullum hula mai baki har gira.

Wayar ta yi ƙara. Nayeli ta danna ba tare da ta kalle ta ba.

"Tsohuwa!" in ji Rutilio. "Yau ma kin ƙona mole ɗin? Daga nan ina jin ƙauri."

"Hancinka ne ya ƙone, tsoho," in ji Herminia. "Me kake ci a can?"

"Burodin Turawa da ciyawa. Inna, kina lafiya?"

"Me ya ce?" in ji Doña Chole, ta kara tafin hannu a kunne.

"Ya ce kin yi ƙiba, Kaka," in ji Nayeli.

"Uwarki ce ta yi ƙiba."

Rutilio ya yi dariya. "Gimbiyata fa? An karɓo takalmin?"

"An karɓo."

"To nuna min mana."

"Ka gan shi ranar Asabar. Za a ɗaga ka sama ka gani."

Herminia ta harare ta. Kwanan nan haka yarinyar ke amsa wa ubanta, guntu guntu, kamar mai ba da canji.

Ba su kai loma uku ba sai ga shi.

DAM!

Taga ta girgiza, karnukan unguwa suka ɗauka. Rokar fitar waliyyi ce. Duk shekara ƙarfe huɗu ake fito da mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, daga coci, amma bana Fada ya dawo da shi ƙarfe biyu saboda hadarin yamma. An yi shela a lasifikar gari. Wanda ya ji ya ji.

To a garinmu, in rokar farko ta tashi, duk namijin da aka haifa a nan zai tuɓe hula ko da yana kan jaki ne, ko yana bayan gida. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke tafiya da kansa.

A cikin wayar, kafaɗun Rutilio suka zabura, hannunsa ya tashi ya cire hular ya dafe a ƙirji.

Sannan ƙarar ta sake fitowa, siririya, daga cikin wayar. Dam.

Herminia ta tsaya da tortilla, wainar masara, a hannu. Abu biyu ta gani lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara kamawa. Kan mijinta fari fat, babu baƙin gashi ko sili ɗaya. Kuma roka ɗaya ta fashe sau biyu.

"Rutilio."

"Na'am?" Ya yi maza ya mayar da hular.

"Mene ne wannan?"

"Me fa?"

"Ƙarar nan."

"Taku ce mana! Daga wajenku na ji. Sabis ne ke mayar da murya, kin san halinsa."

"Ikon Allah," in ji Doña Chole da ƙarfi, tana kallon farantinta. "A can ma suna bikin San Isidro ashe. Turawa sun shiryu."

"Inna, ke da ba kya ji, yau kin ji?"

Tsohuwar ta cusa kaza a baki.

DAM!

Ta biyu. Da ɗan jinkiri, daga wayar: dam.

"Kin ji ko?" Rutilio ya yi wata dariya marar gishiri. "Amsa kuwwa ce. Bari ma in kashe in sake kira, layin ya lalace."

"Ka kashe ka gani."

"Haba tsohuwa..."

"Na ce ka kashe ka gani!"

Bai kashe ba. Kowa a garin ya san uku ake harbawa, kuma kowa ya san ta ukun takan makara, domin Don Melquíades, mai harba rokokin, da taba sigari yake kunna su, kuma kafin ya kai ta uku sai ya tsaya ya ja hayaki ya yi tari.

A cikin wannan jiran ne Nayeli ta miƙa hannu, a hankali, ta danna ɗan maɓallin da ke toshe bakin wayar. Yanzu su suna jin sa, shi ba ya jin komai daga gidan.

"Me kika yi?" in ji Herminia.

"Jira, Mama."

A gilashin wayar, Rutilio yana ta motsa baki. "Kuna ji na? Herminia? Na daina jin ku. Kun gani ko, na ce layin..."

DAM!

Herminia ta ƙirga a ranta. Ɗaya. Biyu. Uku.

Dam.

Kuma ya runtse ido lokacin da ta fashe.

Nayeli ta buɗe bakin wayar ta koma ta jingina da kujera.

Herminia ta ajiye tortillar. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya a zanen gabanta. Muryarta ta fito a kwance, irin kwanciyar da ta fi ihu ban tsoro.

"Kana ina?"

Ya ƙara jan hular ƙasa.

"Rutilio Cruz, na haifa maka 'ya, na binne maka uba, na yi jinyar uwarka. Kana ina?"

"Herminia, bari in..."

"Juya wayar. Nuna min taga."

"Babu taga a ɗakin."

"To nuna min ƙofa. Ko ita ma babu? Ta sama kake shiga?"

Hoton ya yi rawa. Farin bangon ya zame, ashe zanen gado ne aka kafe da ƙusa. Ƙofar langa-langa ta buɗe, haske ya cika gilashin. Ga tulin jan bulo an jera. Ga bakin murhun gashi yana hayaƙi. Can baya ga kogi, ga gada, ga hasumiyar coci mai shuɗin fenti, da hayaƙin roka bai gama watsewa a kanta ba.

Cocinsu. Daga tsallaken kogi. Wajen masu gasa bulo na unguwar Santa Inés, waɗanda take ganin hayaƙinsu kullum in ta hau rufi shanya.

"Wayyo Allah," ta ce. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. "Tun yaushe?"

"Fabrairu."

"Fabrairu!"

"Jami'an shige da fice suka shigo kicin ɗin da safe. Ko rigata ban ɗauka ba. Kwana goma sha ɗaya a tsare, sannan suka sauke mu a bakin iyaka."

"Ban tambaye ka yadda aka koro ka ba. Rabin mazan garin nan koro su aka yi, suna nan suna cin abinci a gidajensu. Wata uku! Tafiyar minti ashirin! Ina nan ina duba yanayin Los Angeles a waya ina ce maka ka sa rigar sanyi!"

"Na sa kuwa."

"Kar ka yi min wasa!"

Ya mayar da wayar kan fuskarsa. Wajen juyawar ne idonta ya faɗa kan wani abu a kan akwatin da ke gefen katifarsa. Ƙyallen naɗe tortilla, fari, da jajayen tsuntsaye biyu a kusurwa. Ita ta ɗinka tsuntsayen nan da hannunta. Ɗaya ma ba shi da ido, zare ya ƙare mata.

Ta juyo a hankali ta kalli surukarta.

"Inna."

"Me ta ce?"

"Kin ji ni sarai. Mabukatan coci. Duk Lahadi da Laraba kina naɗe abinci wai za ki kai wa mabukatan coci."

Doña Chole ta ajiye ƙashi. Kunnen ya warke nan take.

"To ba mabukaci ba ne? Dube shi! Kamar karan masara."

"Kika bar ni ina zuba wa waya miya!"

"Ɗana ne. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya ce kar in faɗa. Ke in taki ce ta roƙe ki fa? Kuma na gaya masa, na ce kai, wannan matar ba sakarya ba ce, ranar da ta gano ni da kai duk a rufi za mu kwana."

"Da ma a rufin ne da sauƙi."

Herminia ta dawo kan wayar, ta sunkuya har numfashinta ya dusashe gilashin.

"Mace ce?"

"Wace mace? Dube ni da kyau, tsohuwa. Wace mace?"

"To mene ne? Faɗa min abin da ya fi ƙarfin gada."

Rutilio ya cire hular, wannan karon da gangan. Ya shafa farin kan. Da hannun hagu ya shafa, mai guntun ɗan yatsa da injin yankan nama ya cinye tun shekarun farko.

"Na zo," ya ce.

"Ka zo ina?"

"Gidan. Ranar da na sauka. Ban ko tsaya shan ruwa ba. Na zo har tagar shago. Kina ciki, ina jin ki kina faɗa da kaji. Nayeli ce ke tsaron kantar shagon."

Nayeli ba ta motsa ba.

"Na tsaya ina kallon ta. A waya ban san tana da tsawo haka ba. Ban san tana karkaɗa ƙafa in tana zaune ba, kamar ubana. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai na ce, a ba ni lemo ɗaya. Ta miƙo min. Ba ta ɗago ba, Herminia. Kanta na kan waya. Ta ce, ga canjinka, malam."

Ya goge fuska da hular. Ya ci gaba.

"Ina tsaye a wurin sai wayata ta girgiza a aljihu. Na san ita ce. Na zagaya bayan coci na duba. Ta rubuto, Baba ina kewarka, yaushe za ka zo. Ga ni a gabanta, tana rubuta wa wancan. Wancan mai baƙin gashi, mai ba da dariya, mai aiko da kaya. Shi take so. Ni wane ne? Wani tsoho mai sayen lemo. A cikin wayar nan na iya zama uba, na iya zama miji, shekara goma sha huɗu ina koyo. A waje ban san inda zan sa hannuna ba. Na ce bari in huta kwana biyu in yi shiri. Kwana biyu suka zama mako. Kuma duk Lahadi in na kira, sai in ga kuna dariya, in ce to me zan je in ɓata?"

Doña Chole tana share hanci da gefen mayafi. Herminia ta ji fushin nata yana neman zamewa, ta riƙe shi da ƙarfi, domin ba ta gama da shi ba.

Sai Nayeli ta yi magana.

"Lemon abarba ne."

Duk suka kalle ta.

"Lemon abarba ka saya. Riga mai ruwan toka, jakar leda a hannu. Ka ajiye kuɗin da hannun hagu."

"Nayeli..." in ji Herminia.

"Ina shekara shida ka nuna min yatsan nan a waya, ka ce kada ne ya cije ka. Na yi wata guda ina ba 'yan ajinmu labari. Ka zaci zan ga hannun nan a kan kantata in kasa gane shi?"

A gilashin, bakin Rutilio ya buɗe.

"Kin... kin gane ni?"

"Na gane ka. Na kasa ɗaga kai. Na ce ƙila idona ne. Shi ya sa na tura saƙon, in ji aljihun wa zai yi ƙara. Ya yi ƙara, Baba. Na ji shi. Na ce yanzu zai kira sunana. Yanzu zai ce Nayeli. Na ƙirga har goma. Ka kwashi canjinka ka tafi."

"Kin ce min malam!"

"Me zan ce? Ka ce min a ba ka lemo!"

"Ina jira ki ɗago!"

"Ni ce babba ko kai?"

Daga nesa ana jin ƙahonnin masu busa sun taso daga coci, waliyyi ya kama hanya.

"Da dare ka amsa min saƙon," in ji Nayeli. "Ka ce, ni ma ina kewarki gimbiyata, aiki ya yi yawa. Har da hoton zuciya."

Herminia ta dafe tebur. "Ke ma kin sani. Wata uku. Ke ma."

"In na faɗa miki, Mama, za ki je ki jawo shi da kunne. Ba na son wanda aka jawo."

"Wato ni kaɗai ce jaka a gidan nan."

"Ban ce ba," in ji Doña Chole.

"Ki yi shiru, Inna!"

"Gimbiyata," in ji Rutilio, "ranar Asabar. Na rantse da San Isidro da ke kan titi yanzu. Na riga na sayi riga. Da ma niyyata ke nan, in shigo daidai lokacin takalmi, in..."

"A gaban mutum ɗari biyu? A yi tafi, a ɗauka a waya, kowa ya yi kuka? A'a." Ta jawo farantinsa gabanta. Tururi na tashi daga miyar. "Ga abincinka. Tun ina rarrafe ake zuba shi. Daga inda kake zuwa nan minti ashirin ne, Kaka da sandarta ma tana yi a talatin. In ka zo da zafinsa, ka ci, ka sa min takalmi ranar Asabar. In ya huce, baffa zai sa min. Kuma ba zan yi rawa da waya ba. Kuma kar ka sake kira."

"Nayeli, dube ni, duk toka ce a jikina, bari in yi wanka ko..."

Ta kashe. Ba kiran kaɗai ba, wayar gaba ɗaya. Ta danne har gilashin ya yi baƙi, ta buɗe aljihun tebur ta jefa ta cikin cokula.

Herminia ba ta taɓa ganin wayar nan a mace ba. Ko wuta aka ɗauke, gidan maƙwabta take kai ta caji. Ɗakin ya yi wani irin faɗi.

Suka zauna.

Minti biyar. Herminia ta tashi ta leƙa taga, ta dawo. Ta ɗauki wani faranti za ta kifa a kan nasa.

"Mama."

"Ƙuda nake karewa."

"Babu ƙuda."

Ta ajiye.

Minti goma sha biyu. Busa ta matso, ganguna, mata na waƙa. Sai a lokacin abin ya faɗo mata.

"Gada!" ta ce. "Ta kan gada za su bi da waliyyi su je albarkar gonaki. Babu mai wucewa sai sun gama."

"Sai ya bi ta ruwa," in ji Nayeli.

"An yi ruwa jiya a tsauni, ke! Kogin ya kawo!"

"Ɗana bai iya iyo ba," in ji Doña Chole. Ta zaro carbi ta fara ja da sauri, tana tsallake wasu.

Minti ashirin. Tururin ya zama zare ɗaya siriri. Ƙafar Nayeli tana karkaɗawa a ƙarƙashin tebur har cokula na ƙara. Herminia ta kalli ƙafar, ta kawar da kai.

Ashirin da biyar. Man miyar ya fara daskarewa a gefen faranti.

Talatin da biyu. Babu tururi.

Herminia ta buɗe baki za ta ce a ƙara masa ko minti biyar, albarkacin waliyyi, sai suka ji.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ba a ƙofar gida ba. A tagar shago, da bakin tsabar kuɗi, yadda masu saye ke bugawa.

Doña Chole ta tsayar da jan carbi.

Ƙwas. Ƙwas.

Sannan murya, a shaƙe, tana haki. Ba ta cikin lasifika ba, ba ta tsinkewa, ba ta makara. Ta ratso katako ta shigo ɗakin da nauyinta.

"Nayeli."

Herminia ba ta san lokacin da ta isa tagar ba. Ta ƙarƙashin katakon tana ganin ruwa na ɗiga daga wandon mutum yana taruwa a kan dakali, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ta ɗora hannu a kan sakata. Ta waiwayo.

Nayeli tana zaune inda take. Ta miƙa ɗan yatsa ta tsoma a tsakiyar miyar, ta bar shi a ciki. Hawaye na zuba, amma fuskar ba ta motsa ba.

"Ya huce, Mama," ta ce. "Cire hannunki."